Albasar Galmi, Sarauniyar Kasuwar Illela

Duk wanda ya ci kasuwar Illela ranar Lahadi bai tsaya wajen masu albasa ba, wallahi ya yi asara. Shanu da raƙuma na da masu yabonsu. Ni albasar Galmi ce ta sace min zuciya, wannan ja mai sheƙi da ake nomawa gabas da Birnin Ƙonni a jihar Tawa, ake tsallako da ita iyaka buhu-buhu.

Ɗauki guda ka ji nauyinta! Ka yanka, ruwa ya biyo wuƙa, yajinta ya sa ka hawaye tun daga nesa. A miyar kuka ko a kan tsire, ba ta da na biyu.

Amma abin da ya fi burge ni shi ne hikimar da Allah Ya ɓoye a cikinta. Mutane da yawa sun ɗauka kan albasa saiwa ce. A'a, gindin ganye ne ya kumbura, ɓawo kan ɓawo. Lawashi na shan rana yana haɗa abinci, yana turawa ƙasa a adana, ruwa kuma ya kai kusan kashi 90 cikin 100 na nauyinta. Rumbu ne sukutum, shuka ta gina wa kanta. Busasshen ɓawon waje ya tsare danshi, shi ya sa manomi ke zuba ta a rudu ta yi watanni, shi ya sa take jure doguwar tafiya a mota har Akara da Abijan. In aka mayar da kan cikin ƙasa, da wannan ajiya zai fid da fure ya ba da iri.

Masana tsirrai na ta zuzuta furen okid, mai nau'i fiye da 25,000, saboda irin wannan dabara. Da yawansu a kan rassan bishiya suke zama, ba sa taɓa ƙasa, sai karansu ya kumbura ya riƙe ruwa da abinci har rani ya wuce, saiwarsu kuma na tsotse ruwan sama nan take. Abin sha'awa ne ƙwarai. To mu ga tamu nan a faifai, ana ciniki, kuma ana ci!

Ko lawashinta ba a yarwa: a daka, a dunƙula, a shanya, ya zama gabu. In za ka saya, zaɓi mai tauri, wadda wuyanta ya bushe sarai.