Karen Ingila a dajin Illo

Wani yayi ya shigo wa samarinmu masu son farauta, yayin karen Turawa. A waya suke ganinsa, a Facebook da TikTok: dogon gashi, kunnuwa a zube, yana keta ciyawa a guje sai ya tsaya cak, ƙafa ɗaya a ɗage, hanci a miƙe. Sunansa setter. Daga nan sai lissafi ya tashi, nawa mai mota zai karɓa ya shigo da ɗan kwikwiyo daga Kwatano ta Segbana da Tsamiya. Ni dai a ganina asarar kuɗi ce, kuma cutar dabba ce.

Karen nan ba ya kamu. A Birtaniya aka raini irinsa don aiki guda. Kafin bindiga ta yawaita, shinshino tsuntsu yake yi a iska, ya lafe a ƙasa, maigidansa ya lallaɓo ya jefa raga. Da bindiga ta zo sai ya koma tsayuwa yana nuni har a tayar da tsuntsun a harbe shi a sama. Wani Bature, Edward Laverack, ya kwashe shekaru masu yawa a ƙarni na 19 yana tace jinin irin na Ingila. Farauta ce ta mutum ɗaya da karensa, ba hayaniya.

Tamu fa? Bayan an kawar da amfanin gona ake fita, gari guda, da ganga da kirari, da gora da adda, karnuka ko ta ina. Zomo ya tashi, ko zabo, ko fakara, mai rabo ka ɗauka, kuma sau da yawa sai an kai ruwa rana kan wanda karensa ya fara cafka. To, a cikin wannan turmutsutsu ka saki karen da aka koya wa tsayawa ya jira. Kafin ka iso, karen wani yaro daga Kaoje ya gama aiki.

Sai jikinsa. Gashin da ke burge mutane a hoto, a dajinmu matattarar ƙarangiya ce. Fita ɗaya, za ka zauna da almakashi kana tsinta a ƙirji da jela da tsakanin yatsu, shi kuwa yana ƙugi. Kaska ta samu maɓoya, ita ce ke kawo zazzaɓin da ke shanye jinin kare. Kunnen da ya rufu ba ya shan iska, in ya shiga fadamun bakin Kwara ya jiƙe sai ruɓa da wari. Ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Kuma kare ne da ke bukatar gudun kusan awa biyu kullum. Ɗaure shi a gindin darbejiya, zai tona rami, ya tauna tabarma, ya kwana yana kuka, maƙwabta su ce ya haukace, alhali zaman banza ne ya ishe shi.

Malamanmu ma sun riga mu. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta yarda a riƙe kare don gona, ko kiwo, ko farautar neman abinci, ban da ta wasa. Mai saye don a gani a waya sai ya duba inda ya faɗa.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne karen da muke da shi. Siriri, gajeren gashi, mai jure ƙishi, ya san daji. Irin na Buzaye da ake kira Azawak, tun shekarun 1970 Turawa suka fara kwasarsa zuwa ƙasashensu, yau da tsada ake sayar da shi can. Namu kuwa ladansa ƙanzo da jifa, ya yini yana bin zomo, ya dawo a ce masa "kai, fita!"

Kuɗin kwikwiyo ɗaya na waje zai yi wa karnukan unguwa guda allurar ciwon hauka, wadda a nan gida ake yin ta, a cibiyar binciken dabbobi ta Vom. Karnukanmu na bin mafarauta da makiyaya su tsallaka Benin su dawo, ba mai tambayarsu takarda a Lolo ko Tsamiya. Ciwon nan in ya bayyana a jikin mutum, sai dai a yi haƙuri. Wanda kare ya ciza, ya wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, ya nufi asibiti a ranar, kada ya tsaya neman gashin karen.