Ƙwallon keke da 'yan'uwa biyu na birnin Brno

Tsakanin 1965 da 1988, wa da ƙani daga birnin Brno na tsohuwar ƙasar Cekoslobakiya sun ɗauki kambun duniya na ƙwallon keke har sau 20. Babban, Jindřich Pospíšil, an haife shi a 1942, ƙaramin kuma, Jan, a 1945. Duk mai bibiyar wasanni ya san ba kasafai ake samun ɗan wasan da zai shafe shekara 23 yana kan gaba a duniya ba, balle a ce mutum biyu ne tare, ba su sauya abokin wasa ba a tsawon wannan lokaci. Amma wasan nasu ba ya cikin Olamfik, ba ya kawo kuɗi, kuma a wajen tsakiyar Turai da wuya ka samu wanda ya taɓa jin sunansu. Ni dai ina ganin wannan rashin sani asara ce, domin tarihin mutanen nan biyu yana nuna wani nau'in gwaninta da manyan wasannin zamani suka fara mantawa da shi.

Sai an fahimci wasan kafin a gane girman abin da suka yi. Ana buga shi ne a cikin zaure mai daɓen katako ko makamancinsa, a fili mai tsawon mita 14 da faɗin mita 11, an kewaye shi da ɗan allo gajere don kada ƙwallo ta fice. Kowane ɓangare mutum biyu ne kacal. Ragar mita biyu ce a tsaye, mita biyu a kwance. Ana yin minti bakwai, a huta, a sauya gida, a sake yin bakwai. Ƙwallon ba ta kai ta wasan ƙwallon ƙafa girma ba, amma ta fi ta nauyi, wajen rabin kilo ko sama da haka, kuma ba iska ake hura mata ba, gashin dabba ake cusawa a ciki, shi ya sa ba ta tsalle-tsalle. Da tayar keke ake buga ta, galibi ta gaba. Ɗan wasa zai miƙe a kan feda, ya ɗaga tayar gaba sama, ya fizgi kan keken gefe ɗaya da ƙarfin kafaɗa da ƙugu, sai taya ta daki ƙwallo ta tafi kamar an harba. Hannu kuwa ba ya barin kan keke, in ban da na mai tsaron gida a cikin da'irarsa, shi ma da sharaɗin ƙafafunsa biyu suna kan feda.

Keken ma daban yake. Ba shi da birki ko ɗaya. Giyarsa a kafe take, feda ta juya sau ɗaya, taya ta juya sau ɗaya, in ka taka baya keke ya yi baya. Sirdin an ja shi can baya, a saman tayar baya, don gaba ya yi sauƙin ɗagawa, hannuwan keken kuma sun lanƙwasa sama kamar ƙaho. Da irin wannan keke mutum yana iya tsayawa cik a wuri guda, yana ɗan motsa feda gaba da baya, har tsawon lokacin da ya ga dama.

Dokar da ta fi kowace tasiri ita ce ta ƙafa. Wanda ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya fita daga wasa na ɗan lokaci: ba shi da ikon taɓa ƙwallo sai ya koma ya tsallake layin ragarsu ya dawo. A wasan mutum goma sha ɗaya, kuskuren mutum guda yana iya ɓacewa cikin taro. A nan kuwa, ƙafa ɗaya ta sauka, rabin ƙungiya ya tafi ke nan, an bar ɗan'uwanka shi kaɗai da mutum biyu. Saboda haka yaron da ya shiga wannan wasa yakan daɗe yana koyon tsayuwa, da tafiya da baya, da tsalle da keke, kafin a ce ya iya buga ƙwallo yadda za ta yi amfani. Wasa ne da ba a shigarsa da gaggawa.

Asalinsa ana danganta shi da Nicholas Edward Kaufmann, wani gwanin wasa da keke daga Rochester ta Amurka, a ƙarshen ƙarni na 19. Amma ba a Amurka ya yi saiwa ba. Jamus ce ta karɓe shi, sannan Suwizalan da Ostiriya da ƙasar Cek, da ɗan abin da ba a rasa ba a Faransa da Beljiyam, daga baya kuma Japan. Hukumar kekuna ta duniya, UCI, ita ke kula da shi, kuma ana yin gasarsa ta duniya kowace shekara a zaure ɗaya da ta masu nuna gwaninta a kan keke.

A wannan fage ne 'yan'uwan Pospíšil suka fito. Kambunsu na farko ya zo a 1965, lokacin Jan yana ɗan shekara 20. Shekaru biyu da suka biyo baya wasu ne suka karɓe. Daga 1968, shekarar da tankokin Tarayyar Sobiyat da ƙawayenta suka shiga ƙasarsu, har zuwa 1981, babu wanda ya sake ƙwace kambun daga hannunsu: shekara 14 a jere. An kayar da su a 1982 da 1983, kuma a lokacin Jindřich ya kai 40, shekarun da kowa zai ce ya isa haka, a rataye keke. Suka dawo a 1984, suka ci biyar a jere, suka rufe a 1988 babban yana da shekara 46, ƙaramin 43. Wannan dawowa ta fi burge ni a kan shekara 14 ɗin farko, domin da samarin da suka kai a ce 'ya'yansu ne suka yi ta fafatawa.

Me ya ba su wannan tsawon rai a fage? Ƙarfi dai ba zai zama amsa ba, don ɗan shekara 46 ba ya fin ɗan 25 huhu da cinya. Fili ƙarami ne, lokaci gajere, don haka abin da ke raba gardama shi ne sanin inda za ka tsaya, da sanin abin da abokinka zai yi tun kafin ya yi. Lokacin da mai tsaron gida zai bar raga ya fito a kai hari tare, da wanda zai koma in ƙwallo ta kuɓuce, da gefen da za a tura wa mutum ƙwallo don ta faɗo daidai tayarsa, duk ana yanke su ne cikin ƙiftawar ido, babu damar magana. Mutum biyun da suka tashi gida ɗaya, suka yi atisaye tare tun suna samari har furfura ta fara fito musu, sun tara wani sani da koci ba ya iya koyarwa. Shi ya sa 'yan'uwa da dangi suka yi yawa a jerin zakarun wannan wasa: ga 'yan gidan Buchholz na Jamus ta Yamma, ga kuma Bernd da Gerhard Mlady na Jamus a zamaninmu. A ƙwallon keke, in aka ce tarihin zakara, to tarihin mutum biyu ake nufi.

Akwai ƙorafin da ya kamata a saurara. Wani zai ce ai kambun duniya a wasan da ƙasashe ƙalilan ke bugawa ba abin a zo a gani ba ne, kuma kowace ƙasa ƙungiya guda take turowa, don haka abokan hamayya na gaske ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Gaskiya ne, kuma wanda ya kwatanta kambu 20 ɗin nan da Kofin Duniya na ƙwallon ƙafa ya yi ƙari. Sai dai ƙarancin ƙasashe bai sa abin ya yi arha ba. Jamus tana da ƙungiyoyi da dama a garuruwa da ƙauyuka, da gasa mai matakai daga ƙasa har sama, kuma 'yan wasa biyun da take turowa sai sun doke duk waɗannan kafin su fito. Shekara da shekaru Jamusawa da 'yan Suwizalan suna kallon salon mutum biyun nan, sun san su ciki da waje, amma maganinsu ya gagara. A ƙaramin fage babu inda za ka ɓoye dabara. Kowa ya ga abin da kake yi bara, kuma da shi za a tare ka bana.

Ma'auni mafi adalci shi ne abin da ya biyo bayansu. Zakaran da ya fi fice a 'yan shekarun nan shi ne Patrick Schnetzer, ɗan Ostiriya da ya yi suna da ƙungiyar garin Höchst, wanda ya fara cin kambun duniya a 2011, ya kuma ci da yawa tare da Markus Bröll. Gwani ne ba tantama, amma ya sauya abokin wasa fiye da sau ɗaya, kuma har yanzu da sauran tafiya mai nisa tsakaninsa da 20.

Abin da ke damuna shi ne yadda wasan yake rayuwa. Kusan duk 'yan wasansa suna da wata sana'ar da suke ci da ita, da yamma suke zuwa zauren makaranta ko na gari su yi atisaye, iyaye da tsofaffin 'yan wasa ne ke gyaran kekuna da horar da yara. Irin wannan tsari yana haifar da haƙuri da riƙon amana tsakanin abokan wasa, amma yana da rauni: ƙungiya ta rasa zaure ko ta rasa mai horarwa guda, shekarun gwaninta sun tafi. Masu rubuta tarihin wasanni kuma sun saba bin inda kuɗi da talabijin suke. A ganina, duk jerin manyan 'yan wasan ƙarni na 20 da babu Jindřich da Jan Pospíšil a ciki, jeri ne da bai cika ba.