Daga Rigar Mai Dabo Zuwa Akwatin Telebijin: Nazari a Kan Kami da Zobi

Ran 21 ga watan Mayu na 1911 babu telebijin ko a Ingila, amma shekara ɗari daidai bayan wannan, watau ran 21 ga Mayu na 2011, gidan telebijin na NTA ya fito wa yaran Nijeriya da waɗansu 'yan tsana biyu masu magana, Kami da Zobi, cikin shirin da aka sa wa suna Sesame Square. Shirin reshe ne na Sesame Street, wanda aka fara nunawa a Amurka ran 10 ga Nuwamba na 1969. Kuɗin yinsa ya fito daga USAID, hukumar ba da taimako ta Amurka wadda aka rufe a 2025. Da Turanci aka tsara shi, daga baya aka juya shi da Hausa, aka kira shi Dandalin Sesame. Abin da ya kamata malamin makaranta ya tambaya shi ne, yaron da ke zaune a Garu ta ƙasar Illela, dab da iyakar Birnin Ƙonni, me ya samu a wannan dandali?

Kafin a amsa, wajibi ne a tuna ƙasar nan ba baƙuwar 'yar tsana mai magana ba ce. Akwai wasan da mutanen yamma ke kira ɗiyan dabo, abin da Bakano zai ce 'ya'yan dabo. Mai wasan ya kan kafa sanduna ya lulluɓa babbar riga a kansu, ya shige ciki, ya riƙa miƙo 'yan tsana ta wuyan rigar, kowace sanye a hannunsa. Ya kan sa wani ɗan abu a baki wanda ke mai da muryarsa siririya kamar ta tsuntsu, har sai wani abokin aikinsa da ke waje tare da makaɗa ya maimaita wa jama'a abin da ta ce. Wani Bature, R. E. Ellison, ya ga irin wannan wasa a Borno, ya ba da labarinsa a mujallar Nigerian Field a 1935. Wasan kasuwa ne da bakin fada, maganarsa kuwa ta manya ce: sata, da neman mata, da rikicin miji da mata. Ba don koya wa yara ƙidaya aka yi shi ba.

Abin mamaki, 'yan tsanan da suka fara suna a telebijin na Ingila sun yi kama da ɗiyan dabo ta wannan fuska guda. Muffin, wani alfadari na katako da a ke ja da zare, ya fito a BBC a 1946 yana rawa bisa abin kiɗan Annette Mills, ba ya cewa uffan sai ita ta faɗi abin da ya raɗa mata. Haka Sooty, wanda Harry Corbett ya saya a Blackpool a 1948 ya kai shi telebijin a 1952: raɗa ya ke yi a kunnen ubangidansa. Nan da can duk ɗaya ne, akwai ɗan tsana, akwai mai faɗa, kuma rabin daɗin wasan yana cikin gardamar da ke tsakaninsu.

Jim Henson na cikin waɗanda suka raba wannan aure. A watan Mayu na 1955, yana ɗalibi, ya fara wani shiri na minti biyar a Washinton mai suna Sam and Friends, a ciki ne Kermit ya fara bayyana. Da tsohon kwat na uwarsa ya ɗinka shi, ya raba ƙwallon teburi biyu ya yi masa idanu, kuma a lokacin bai zama kwaɗo ba tukuna, wata halitta ce mai kama da ƙadangare. Henson ya lura cewa akwatin telebijin kansa rumfa ce, saboda haka ba a bukatar labule. Mai wasa ya ɗaga hannu sama, ya tsaya inda na'urar ɗaukar hoto ba ta kai ba, yana duban aikinsa a wani ƙaramin akwati. Fuskar ƙyalle kuwa tana lanƙwasa, tana nuna fushi da kunya ko an matso kusa. Daga nan ɗan tsana ya sami bakin kansa, ya sallami mai faɗa. Kami da Zobi jikokin wannan dabara ne, ba su haɗa kaka da ɗiyan dabo ba.

Kami ta girmi shirin da shekara tara. An ƙago ta a Afirka ta Kudu a 2002 domin Takalani Sesame: yarinya 'yar shekara biyar, marainiya, mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, sunanta kuwa daga kalmar Setsuwana ya ke mai ma'anar karɓa. Cikin su biyun ita ce aikin da ya fi ƙarfi. Ba a yi ta abar tausayi ba, an yi ta mai wasa, mai tambaya, mai son karatu, yara na cin abinci tare da ita ba wanda ya guje ta. Abin da mutum zai ji nauyin faɗa a gaban yara, 'yar tsana ta faɗe shi ba wanda ya sunkuyar da kai. Mai dabo ya san wannan sarai, gama shi ma da bakin ƙyalle ya ke faɗin abin da ba ya faɗuwa da bakin nama. Bugu da ƙari, malaman fiƙihu sun daɗe da yi wa 'yar tsanar yara rangwame cikin hukuncin siffofi, saboda haka ƙofar gidan ba a rufe ta ke ba.

Zobi shi ne ɗan gida, don Nijeriya aka yi shi: shuɗi, mai gashi buzu-buzu, direban tasi, ba abin da ya ke so kamar doya. An ɗauko halin dodon nan na Amurka mai haukan biskit, aka musanya masa abinci. A Binuwai ko Oyo wannan ya zauna daram. A Garu kuwa doya baƙuwa ce, a mota ta ke zuwa daga kudu, abincin yau da gobe gero ne da dawa. Yaro zai yi dariya in ya ga Zobi ya rikice, amma dariyar kallon baƙo ce. Da ɗan fura ne, mai lashe ludayi yana leƙen ƙwaryar wani, da yaro ya ce ga wane. Adabin Hausa ma yana da gwanin kwaɗayi tun fil azal, watau Gizo, ga kura a bayansa.

Maganar juyawa da Hausa ita ce ta fi shafar mai nazarin harshe. Ta wani gefe ɗan tsana ya fi mutum sauƙin ara wa murya, domin ba shi da leɓe, ba a ganin bambancin ba da ka a bakinsa. Ƙa'idar masu wasan ita ce a buɗe baki sau ɗaya ga kowace gaɓa. Amma Turanci na cike da kalmomi masu gaɓa ɗaya, Hausa kuwa yawancin kalmominta gaɓa biyu ne ko uku, ga dogon wasali, ga karin sauti. Inda Bature ya buɗe baki sau biyar, Bahaushe na bukatar takwas ko tara, sai dai mai juyawa ya datse magana ko ya yi ta da gudu. Waƙa ta fi wuya, gama karin waƙar Turanci bai san da hawa da saukar muryar Hausa ba.

Haruffa su ne inda gizo ke saƙa. Ƙidaya tana juyuwa, uku uku ce ko'ina. Harafi ba ya juyuwa. Hoton kare da aka zana don koyar da D ba shi da amfani ga mai cewa kare, harafin C kuwa aikinsa dabam ne a harsunan biyu. Babu kuma inda abacadar Turanci ta tanadi wuri domin ɓ da ɗ da ƙ, alhali su ne ke ba ɗan aji ɗaya wahala. Yaron bakin iyaka yana da ƙarin nauyi. A gida yana cewa hwari da ɗiya, a littafi ya tarar da fari da 'ya, in kuma littafin daga Ƙonni ya tsallako sai ya ga an rubuta ƴa da ƙugiya.

Sunan Dandali dai an dace da shi ƙwarai, har ya fi na Turancin, domin dandali ne wurin da yara ke taruwa da dare su yi gaɗa da tatsuniya. Sai dai a dandalin gaske yaro yana amsawa a ji shi, mai dabo ma ya kan sake zance in ya ga jama'a sun yi sanyi. Zobi ba ya jin kowa. Malamin da zai nuna shirin a aji sai ya koma matsayin mai faɗa: ya tsai da hoton, ya tambaya, ya mai da doya gero. In babu lantarki, safa guda da maɓalli biyu sun isa a ɗinka wani, kamar yadda aka ɗinka Kermit, a ba shi suna da Sakkwatanci.