Kantha: shimfiɗar da kaka ke ɗinka wa jika a Bengal

A yankin Bengal, wato ƙasar Bangaladash da jihar Bengal ta Yamma a Indiya, idan 'ya ko suruka ta samu juna biyu, kaka takan buɗe akwati ta fara zaɓen tsofaffin sari, dogon zanen nan da muke ganin matan Indiya na naɗawa. Da su za ta ɗinka kantha, shimfiɗa mara kauri da za a kwantar da jariri a kai, a naɗe shi da ita, a share masa jiki da ita. Babu keke a aikin. Allura ce da zare, sai ido da haƙuri.

Gwanintar tana farawa tun daga zaɓe. Ba kowane tsohon zani ke shiga ba. Na auduga ake so, wanda ya sha wanki har sitacinsa ya fita, launinsa ya daina zuba, ya yi laushin da sabon yadi ba zai taɓa yi ba komai tsadarsa. Iyayenmu mata da ke ware tsohon zani don tsumman jariri sun san wannan sarai. Kaka takan ɗaga zanen a hasken rana ta duba inda ya sile, ta yanke wurin da ya mutu. Mai ɗan ƙwari da kyan gani shi ne zai zauna sama da ƙasa, mai faci kuma a ɓoye shi a tsakiya. Sari ɗaya ya kai mita 5 ko fiye, don haka guda ɗaya idan an ninka shi yakan ba da ƙaramar shimfiɗa. Ta manya, wadda ake rufa da ita lokacin sanyi, takan ci sari 5 zuwa 7. Ta jariri ba a cika mata ninki, domin Bengal ƙasa ce mai ruwa da laima, kuma abin da za a wanke kullum dole ya bushe da wuri. Shi ya sa ma ba guda ɗaya ake yi ba, tuli ake tarawa kafin haihuwa.

Zaren ma a da daga jikin zanen yake fitowa. Bakin sari yana da saƙa mai launi, ja ko shuɗi ko baƙi, sai a zare shi sili-sili a naɗe. Yanzu da yawa na kanti suke saye, amma abin ya burge ni ƙwarai: zani ɗaya ya ba da yadin, ya ba da zaren adonsa.

Daga nan sai a shimfiɗa ninkin a ƙasa, a bi shi da tafin hannu har ya kwanta sumul, a danne gefuna da wani abu mai nauyi, a kama shi da dogayen ɗinki na wucin gadi don kada ya goce. Wanda ya yi gaggawa a nan zai gani daga baya, lokacin da sama ta fi ƙasa tsawo kuma babu yadda za a yi da ita.

Ɗinkin kansa shi ne mafi sauƙi da ɗan'adam ya sani: allura ta nutse, ta ɓullo, ta nutse. Yarinya ƙarama za ta iya koyonsa da yamma ɗaya. Amma gwana takan ɗora ɗinki da yawa a kan allura kafin ta ja zare sau ɗaya, kuma kowanne tsawonsa daidai da ɗan'uwansa, ba tare da ta auna ba. Layi na bin layi kurkusa, har babu wurin da yadin ya rage sake. A nan sirrin yake. Tsumma uku ko huɗu, kowanne yatsa zai iya huda shi, amma da dubban ƙananan ɗinki suka ratsa su sai su zama abu guda mai ƙarfi da zai jure wanki shekara da shekaru. Jan zaren kuma sai da lissafi. Idan ya yi ƙarfi shimfiɗar ta takure, idan ya yi sako-sako ɗan yatsan jariri ya maƙale. Idan ya zo daidai, fuskar yadin takan yi 'yan tudu da kwari masu laushi, waɗanda da su ake gane aikin hannu na gaske. Ƙulli kuwa a cikin ninki ake binne shi don kada ya gurji fata.

Wadda aka ƙawata da zane ana kiranta nakshi kantha. Sau da yawa akan sa babban fure mai kama da bado a tsakiya, bishiya ko ganye a kusurwoyi, sannan kifi, tsuntsu, giwa da kayan gida. A Bangaladash, yankunan Jessore da Faridpur sun yi suna wajen masu hotuna, Rajshahi kuma wajen masu kauri da layuka irin na igiyar ruwa. Irin waɗannan sun kai har gidajen tarihi: a 2009 gidan adana kayan fasaha na Philadelphia a Amurka ya buɗe baje kolin kantha, ciki har da waɗanda masaniya Stella Kramrisch ta tattara.

Ni dai ta jariri ta fi kwanta mini a rai, duk da ba ta da wannan ado. Kaka mai hankali takan rage mata zane da gangan, domin zare mai yawa wuri ɗaya yana taurara yadi. Ba ta sa maɓalli, ba ta sa dutsen ado, ba ta barin zare na lilo. Akwai masu camfin cewa tsohon zani yana kare jariri daga baki, amma ko ba camfi hujjarta a fili take: zanen da ita kanta ta ɗaura shekaru, ta san ba ya kaikayi, ba ya zuba. Idan jikan ya girma, a wanke a ninke, a ajiye wa ƙaninsa.