Harshen Samanja: Nazari A Kan Wasan Usman Baba Pategi

Alhaji Usman Baba Pategi, wanda ya rasu ran 12 ga Nuwamba, 2023, yana cikin masu wasan kwaikwayon nan da kan ɗauki halin mutum guda, su sa shi kamar riga, har jama'a su manta da sunansu na yanka. Duk inda a ke jin Hausa, Samanja a ke ce masa. Abin da mu ke nufi a wannan takarda shi ne mu nuna cewa ƙarfin wasansa a harshe ya ke, kakin nan da tsawar nan biye su ke.

An haife shi a Pategi, ƙasar Nufe, a cikin 1942, kuma ɗan gidan sarauta ne. Ya yi aiki a gidan rediyon Kaduna, sa'an nan ya shiga soja cikin shekarun 1960, zamanin da aka yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. A cikin 1985 ya tuɓe kaki, ya ba da ƙarfinsa ga wasa. Shirinsa, Samanja Mazan Fama, shi ya ɗaukaka sunansa a rediyo da talabijin na Kaduna. Watau dai mutumin da ya ke kwaikwayo ya san shi ciki da bai, sun sha rana tare a filin fareti.

To, wace irin Hausa ce ya ke yi? Tun zamanin Turawa, Hausa ita ce harshen bariki. Da ita a ke horon kurata, ko Banufe ne, ko Batibi, ko Babarbare. Daga nan muka sami kalmomi irin su soja, da kofur, da saje, da hafsa, har da samanja ɗin kanta. Amma Hausar da ta tashi a bariki ta sha bamban da ta Kano ko ta Sakkwato. Ba ta damu da rarrabe namiji da tamace ba, sai ka ji an ce mace ya zo. Haruffa masu ƙugiya su kan miƙe, ƙarfi ya koma karfi. Ga kuma Turancin buroka ana cusa shi ko'ina. Wannan ita a ke kira Barikanci, kuma ita ce jarin Samanja.

Kada mai karatu ya zaci gurɓata magana abu ne mai sauƙi. Wanda bai iya ba ya kan ɓata ta gaba ɗaya, a yi dariya sau ɗaya a gaji. Pategi kuwa auna abinsa ya ke yi. Gaban hafsa ya kan ƙame, ya jawo Turanci don ya nuna shi ma ya waye. In ya juyo kan kurata sai tsawa da umurni. In ya koma gida, inda igiyar hannunsa ba ta da tasiri, sai muryar ta sauko, dabara ta ƙare masa. Da sauyin harshe kaɗai mai sauraro ya kan gane wa ke sama, wa ke ƙasa, ko da a rediyo ne, ba ya ganin kowa.

Sai mu tuna da lokacin da a ke wannan wasa. Soja sun riƙe Nijeriya daga 1966 zuwa 1979, suka komo daga 1983 zuwa 1999. Talaka ba shi da bakin da zai taɓa mai bindiga. Samanja ya ba shi damar ya yi wa soja dariya a tsakar gidansa, soja kuma su na dariyar tare da shi, gama nasu ne ke yi. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Haka 'yan kama kan kwaikwayi malamai, haka a kan kwaikwayi sarki da fadawansa a wasan gauta, ba wanda ya ke fushi.

Amma fa akwai abin da za a ce. Dariyar da ke rage tsoro ita ce kuma ke rage fushi. Sojan da a ke gani a wasan mai yawan faɗa ne, mai saurin hucewa, wanda a ƙarshe a kan so shi. Zafin mulkin soja na gaskiya bai cika leƙowa ba, kuma da wuya ya leƙo a gidajen watsa labarai na gwamnati. Ban da wannan, rigar ta kama jikinsa ainun, har ya zama jama'a ba su neman kome a wurinsa sai Samanja.

Duk da haka aikinsa ya wuce ban dariya. Ya ɗauki Hausar da malamai ke rainawa, ya nuna tana da ƙa'idarta da hikimarta, tun kafin finafinan bidiyo su kunno kai a Kano a cikin 1990. Ya kamata masu nazarin harshe su nemi faya-fayen shirin nan, su rubuta abin da ke ciki tun ba su lalace ba. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa.