Hoton Littafi Da Goran Masunta

Na ga ana koya wa yara zane daga hoton littafi a Birnin Kebbi, alhali ga Argungu nan kusa. A ganina kuskure ne. Gidan Tarihi na Kanta, wanda aka buɗe a 1958 cikin tsohuwar fada, cike yake da takubba da kibau da tambura. Amma ko can kallo kaɗai yaro zai yi. Gara malam ya aro gora da homa wurin masunta. Yaron da ya rungumi gora ya ji rashin nauyinsa, ya gane yadda yake ɗaukar ƙato bisa ruwan Matan Fada. In ya zo zana bakinsa kuwa, ba zai ƙuntata shi ba, don ya san ta nan ake jefa kifi.