Gwanintar Ɓoye Dukiya a Gaban Idon Mai Karatu

Binne akwatin zinariya a cikin labari ba wani aiki ba ne. Kowa zai iya haƙa rami, a babin ƙarshe ya sa yara su yi tuntuɓe da shi. Inda gizo ke saƙar shi ne ka faɗa wa mai karatu wurin da dukiyar take, daga bakin ɓarawon da kansa, ba ƙarya ko ɗaya, amma ya kama hanya ya tafi nema wani waje. Abin da aka yi ke nan a littafin The Tower Treasure, wato Dukiyar Hasumiya, na farko a jerin labaran Hardy Boys, wanda ya fito a Amurka a 1927.

Frank da Joe Hardy wa da ƙane ne, 'yan sakandare a wani gari na ƙage mai suna Bayport. Mahaifinsu, Fenton Hardy, tsohon ɗan sandan ciki ne da ya koma bincike na ƙashin kansa. Wata rana aka fasa gidan wani attajiri mai wuyar sha'ani, Hurd Applegate, aka kwashe kayan ado da takardun kuɗi na dala 40,000. Gidan nan yana da hasumiya biyu, tsohuwa da sabuwa. Riƙe wannan.

Zargi ya faɗa kan mai kula da gidan, Robinson, uban wani abokin yaran. Aka sallame shi, iyalinsa suka koma unguwar talakawa, ɗansa ya bar makaranta ya shiga neman abin sawa a baki. Marubucin ya san tsabar dukiya ba ta hana yaro barci. Abin da ke hana shi ajiye littafi shi ne mutuncin bawan Allah da ke rataye da gano ta.

Ainihin ɓarawon, Red Jackley, ya ji mummunan rauni yana gudun 'yan sanda. Yana gargarar mutuwa ya amsa laifinsa, ya ce kayan suna cikin tsohuwar hasumiya, sai rai ya yi halinsa. To, ina hankalinka ya tafi? Inda na kowa ya tafi. Aka bincike tsohuwar hasumiyar Applegate sama da ƙasa, aka leƙa sabuwar ma, wayam. Attajirin ya ƙara sakankancewa cewa Robinson ne ya riga kowa kwashewa, wato shaidar da ya kamata ta wanke mutum ita ta ƙara dulmiya shi. Sai daga baya yaran suka tuna Jackley ya taɓa aikin jirgin ƙasa. Mutumin da ya yi zama a bakin layin dogo, in ya ce tsohuwar hasumiya, yana iya nufin tsohon tankin ruwan nan da ake ɗorawa kan dogayen ƙafafu don shayar da jirage masu tururi, wanda shi ma hasumiya ake ce masa da Turanci. Can suka hau, can kuwa kayan suke.

Dubi adalcin abin. Ba a yaudari kowa ba. Hasumiyoyin gidan da sunan littafin ne suka ja mu da hanci. Kamar kacici-kacici mai kyau ne, da an faɗi amsa sai ka dafe kai ka ce ai tana gabana. Kuma ba ƙarfi ne ya warware shi ba, tambaya ce guda: wane ne ya yi maganar, kuma da me idonsa ya saba?

Sunan da ke bangon littafin, Franklin W. Dixon, babu mai shi. Edward Stratemeyer, mai kamfanin ƙera littattafan yara, shi ne ya riƙa tsara ƙashin labari yana aika wa marubutan haya. Wanda ya sa wa ƙashin wannan littafin tsoka ɗan jarida ne daga Kanada, Leslie McFarlane, kan ladan da ake biya sau ɗaya, ba suna, ba kaso daga ciniki. Umarnin kamfani ne kowane babi ya tsaya a kan gaɓa mai tayar da hankali. Amma raha da ɗumin labarin na McFarlane ne: abokin yaran Chet Morton mai son ciki, abincin da ake kwatantawa har yawu ya tsinke, da 'yan sandan gari masu cika baki da ake yi wa dariya. Waɗannan ma dabara ce, domin mai dariya ba ya tsayawa auna kalmar mamaci.

Daga 1959 aka sake rubuta littattafan, aka rage babi daga 25 zuwa 20. An cire kalaman raina wasu jinsuna, wannan kam an kyauta. Sai dai an haɗa da rahar, an kuma mayar wa 'yan sanda kwarjininsu. Duk mai son koyon yadda ake ɓoye abu a fili, ya nemi bugun 1927 ya karanta da fensir a hannu.